Da Sunan Wasa: Nazarin Lamarin Azeem Rafiq da Ƙungiyar Kurket ta Yorkshire

A ranar 1 ga Nuwamba, 2021, kafar labaran wasanni ta ESPNcricinfo ta fallasa wani ɓangare na rahoton binciken da ƙungiyar kurket (wasan dukan ƙwallo da sanda) ta Yorkshire, da ke arewacin Ingila, ta ƙi yarda jama'a su gani. A cikin ɓangaren, wani babban ɗan wasa farar fata ya amsa da bakinsa cewa ya sha kiran abokin wasansa Azeem Rafiq da kalmar ƙasƙanci da ake jifan 'yan asalin Pakistan da ita a Birtaniya. Ya amsa cewa yakan ce wa mutane kada su kula Rafiq saboda asalinsa, kuma idan suka ga wani ɗan Asiya mai gemu yakan tambaye shi ko kawunsa ne, idan suka wuce kantin unguwa kuma ya tambaye shi ko na mahaifinsa ne. Ya ma tuna cewa akwai ranar da Rafiq ya fashe da kuka. Duk da wannan iƙirari, kwamitin da aka ɗora wa alhakin yanke hukunci ya ce abin da ya faru raha ce tsakanin abokai, kuma bai dace Rafiq ya ji haushi ba. Wannan hukunci shi ne cibiyar lamarin, domin a nan ne zagin da mutum ɗaya ya yi ya samu ɗaurin gindin hukuma.

An haifi Rafiq a Karachi a 1991, iyayensa suka ƙaura da shi zuwa garin Barnsley a 2001, a can ya tashi ya kuma koyi kurket. Ya jagoranci tawagar Ingila ta 'yan ƙasa da shekara 19, sannan a 2012 ya zama ɗan asalin Asiya na farko da ya riƙe kyaftin ɗin babbar tawagar Yorkshire, kuma mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa riƙe wannan matsayi. Ya buga wa ƙungiyar wasa daga 2008 zuwa 2014, ya dawo daga 2016 zuwa 2018. Ita kuwa Yorkshire, wadda aka kafa a 1863, babu ƙungiyar da ta kai ta lashe gasar gundumomin Ingila, kuma tana da wani tarihi da ya shafi wannan batu kai tsaye: har zuwa 1992 ba ta ɗaukar ɗan wasan da ba a cikin gundumar aka haife shi ba. A aikace wannan doka ta rufe ƙofa ga 'ya'yan baƙin haure da yawa, a yankin da ya ƙunshi Bradford, ɗaya daga cikin biranen da 'yan asalin Pakistan suka fi yawa a Birtaniya. Sai a 2004 aka samu ɗan asalin Asiya haifaffen gundumar, Ajmal Shahzad, ya buga wa babbar tawagar wasa. A faɗin ƙasar ma, ƙididdigar Hukumar Kurket ta Ingila da Wales, ECB, ta nuna a 2018 cewa 'yan asalin kudancin Asiya sun kai kusan kashi 30 cikin ɗari na masu buga kurket don nishaɗi, amma ba su wuce kashi 4 cikin ɗari na masu cin abinci da wasan ba.

Kalmar da ake magana a kai gutsure ce ta sunan Pakistan, kuma wannan ne ya sa wasu Turawa ke kare kansu da cewa taƙaita suna kawai suka yi. Tarihi bai goyi bayansu ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1980, gungun matasan Turawa masu aske kai ƙwal, da magoya bayan jam'iyyar National Front mai ƙin baƙi, sun mayar da dukan 'yan Asiya a tituna abin nishaɗi, har suka raɗa wa wannan farauta suna daga kalmar. Ba su bambanta ɗan Pakistan da ɗan Indiya ko Bangladesh, kowa da ita ake kiransa kafin a rufe shi da duka ko a fasa masa gilashin kanti. A ranar 4 ga Mayu, 1978, aka daɓa wa Altab Ali wuƙa har lahira a unguwar Whitechapel ta gabashin Landan, matashi ne ɗan asalin Bangladesh da ke aiki a kamfanin ɗinki, kuma yau akwai wurin shaƙatawa mai sunansa a wajen. Duk ɗan Asiyan da ya tashi a Ingila ya ji irin waɗannan labarai daga iyayensa ko ya gani da idonsa. Saboda haka idan kalmar ta fito daga bakin Bature a ɗakin sauya kaya, ko da dariya ta fito, mai ji yana jin ta ne tare da duk abin da ta jawo a baya.

Abin da Rafiq ya ce ya gani a Yorkshire bai tsaya ga kalma ɗaya ba. Ya shaida cewa tun zuwansa akan ce wa 'yan wasan Asiya su je su zauna can kusa da bayan gida, akan kira su masu wankin giwa, kuma wani tsohon ɗan wasan Ingila, Matthew Hoggard, yakan haɗa laƙabinsa da kalmar kafiri, wadda a Afirka ta Kudu zagi ce mafi muni da farar fata ke yi wa baƙar fata. Ya ce akwai sunan Kevin da ake kiran duk wanda ba farar fata ba da shi, wato dai ba a ga bukatar sanin sunansa na gaskiya ba. Ya kuma ba da labarin cewa yana ɗan shekara 15, a ƙaramar ƙungiyar garinsu, an danne shi an ɗura masa jan giya a baki, shi Musulmi. Daga baya, wajen 2012, ya fara shan giya da kansa, kuma bai ɓoye dalilin ba: ya ga kamar idan bai yi haka ba ba za a taɓa ɗaukarsa ɗan gida ba. Wannan bayani yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin shi ne amsar tambayar da masu kare ƙungiyar suka yi ta maimaitawa, cewa in da gaske abin na damunsa me ya sa yake fita yawon dare da mutanen, me ya sa yake dariya tare da su.

A 2018 aka haifi ɗansa ba rai, kuma a ƙarshen kakar wasan ƙungiyar ta sallame shi. A watan Agustan shekarar ya kai ƙorafin wariya ga shugabanni, ba a bincika ba. Ya yi shiru har zuwa 2020, lokacin da kisan George Floyd a Amurka ya sa hukumomi da dama a Birtaniya suka fara maganar wariyar launin fata a fili. A watan Agusta da Satumba na shekarar ya yi hira da 'yan jarida, ya ce wariyar da ta yi jijiya a tsarin ƙungiyar ta kai shi gab da kashe kansa. Yorkshire ta ɗauki kamfanin lauyoyi na Squire Patton Boggs ya yi bincike, kamfanin da shugaban ƙungiyar na lokacin, Roger Hutton, ya taɓa yi wa aiki, ta kuma kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Samir Pathak ya duba sakamakon. Aka shafe shekara guda. A ranar 10 ga Satumba, 2021, ƙungiyar ta fitar da taƙaitaccen bayani kawai, wanda ya ce daga zarge-zarge 43 an tabbatar da 7, ciki har da cewa tsofaffin 'yan wasa sun yi amfani da kalaman wariya, wani tsohon koci ya mayar da su abin yau da kullum, an yi ba'a da addini, kuma ba a tanadar masa abincin halal ba lokacin da yake ƙaramin ɗan wasa. Bayanin ya amince cewa an ci zarafinsa saboda launinsa. Amma a ranar 28 ga Oktoba ƙungiyar ta sanar cewa babu ma'aikaci ko ɗan wasa ko shugaba ɗaya da za a hukunta.

Yadda kwamitin ya kai ga kiran abin raha shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Lauyoyin da suka tattara shaidu sun yarda cewa kalaman na iya wulaƙanta mutum, kuma sun gaskata Rafiq cewa sun ɓata masa rai. Kwamitin ne ya yi watsi da wannan matsaya, ya ce duba da abotar da ke tsakanin mutanen biyu kamata ya yi Rafiq ya ɗauki maganar yadda aka nufe ta. Da wannan jumla aka ɗauke ma'aunin daga hannun wanda aka zaga aka miƙa wa wanda ya yi zagin, aka ce niyyarsa ita ce hujja, alhali niyya aba ce da ke cikin zuciya, babu mai iya ƙaryata ta. Dokar Daidaito ta Birtaniya ta 2010 ba haka ta tanada ba. Sashe na 26 ya bayyana cin zarafi a matsayin halin da mutum bai so ba, mai nasaba da launinsa ko addininsa ko makamancin haka, wanda aka yi da nufin zubar masa da mutunci ko kuma wanda ya haifar da hakan ko da ba a nufa ba. Dokar ta ce a duba yadda wanda abin ya shafa ya ji, a duba yanayin da abin ya faru, sannan a duba ko hankali zai yarda halin ya haifar da irin wannan illa. Ta wannan ƙofa ta ƙarshe kwamitin ya bi, kuma ina ganin da wuya a samu mai adalcin da zai ce hankali bai yarda mutum ya ji ciwo ba idan an yi shekaru ana kiransa da wannan kalma har ya yi kuka a gaban mai kiran.

Abin da ya ƙara tona asirin kwamitin shi ne yadda ya ɗauki wata kalma ta dabam. Rafiq ya kasance yana kiran abokin nasa da wani laƙabi da aka gutsuro daga sunan Zimbabwe, ƙasar da aka haife shi, kwamitin kuwa ya ce wannan kalmar wariya ce, kuma da Rafiq na nan a ƙungiyar da ya fuskanci ladabtarwa. Kenan kalmar da aka zubar da jini da ita a titunan Landan ta zama wasa, ita kuwa wadda ba ta da irin wannan tarihi ta zama laifi, kuma mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma.

Mai karatu Bahaushe ya san wasa tsakanin al'ummu fiye da yadda kwamitin ya san shi, saboda haka ya dace a auna da'awar da ma'aunin da muka sani. Wasan Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zagezagi, ko na Gobirawa da Yarbawa, yana tsaye ne a kan sharuɗɗan da kowa ya sani ko da ba a rubuta su ba: ɓangarorin biyu sun gaji wasan tare, kowa na da ikon ramawa daidai gwargwado, babu wanda abincinsa ke hannun ɗayan, kuma da zarar an ga fuskar mutum ta sauya ana janyewa, domin manufar wasan ƙarfafa zumunci ce. A ɗakin sauya kaya na Yorkshire babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. 'Yan Asiya tsiraru ne, masu furta kalmar su ne manyan 'yan wasa, cikinsu ake zaɓen kyaftin, su ke da kunnen koci, kuma sabunta kwantiragin matashi ya dogara da yadda suke kallonsa. Wanda ke cikin wannan hali idan ya yi dariya ba yarda ya yi ba, lissafin makomarsa yake yi.

Kwana biyu bayan fallasar ESPNcricinfo, Gary Ballance, wanda ya buga wa Ingila manyan wasanni 23, ya fito ya ce shi ne ɗan wasan da rahoton ke magana a kai. Ya nuna nadama, amma ya jaddada cewa Rafiq ne amininsa mafi kusa a harkar kurket, kuma sukan faɗa wa juna maganganun da ba su dace ba. Babu dalilin ƙaryata cewa Ballance ya ɗauki kansa aboki, kuma wannan ne ya sa lamarin ya fi ban tsoro a kan labarin maƙiyi na fili. Mutum na iya cin abinci a gidanku, ya yi tafiya da kai, kuma ya ci gaba da tuna maka a gaban jama'a cewa kai bare ne, ba tare da ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa abin da yake yi ba, saboda babu wanda ya taɓa tsayar da shi.

Abin da hawayen Rafiq suka kasa yi cikin shekara uku, kuɗi sun yi shi cikin mako ɗaya. Sajid Javid, ministan lafiya na lokacin, wanda shi ma iyayensa daga Pakistan suka fito, ya rubuta a Twitter cewa wannan kalma ba raha ba ce, kuma dole wasu su rasa muƙamansu. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar, irin su Emerald da sunansa ke jikin filin wasan ƙungiyar na Headingley, da Yorkshire Tea, da Tetley's, da Nike, suka janye ɗaya bayan ɗaya. A ranar 4 ga Nuwamba ECB ta dakatar da Headingley daga karɓar wasannin ƙasa da ƙasa, waɗanda su ne babbar hanyar samun kuɗin ƙungiyar. Washegari Hutton ya yi murabus, aka naɗa Lord Kamlesh Patel, wanda cikin 'yan kwanaki ya sasanta ƙarar da Rafiq ya shigar a kotun ƙwadago ba tare da sharaɗin ya kama bakinsa ba, ya kuma nemi gafararsa a fili. Babu wata sabuwar shaida da ta bayyana tsakanin 28 ga Oktoba da 5 ga Nuwamba. Abin da ya sauya kawai shi ne mutanen waje sun karanta abin da mutanen ciki suka daɗe da karantawa suka ga ba komai ba ne.

A ranar 16 ga Nuwamba Rafiq ya bayyana gaban kwamitin majalisar dokokin Birtaniya mai kula da al'adu da wasanni, ya yi bayani cikin kuka, ya ce wariya ce ta raba shi da sana'arsa, kuma ba ya son ɗan da ya samu daga baya ya kusanci kurket. A zaman ne Hutton ya ce yana fargabar ƙungiyar ta faɗa cikin ma'anar wariyar da ta yi jijiya a tsarin hukuma. Wannan ma'ana ta shahara ne daga rahoton Macpherson na 1999 kan yadda 'yan sandan Landan suka gudanar da binciken kisan Stephen Lawrence, baƙar fatar matashin da aka kashe a 1993, kuma ta haɗa da son zuciyar da mutum bai san yana da shi ba, da jahilci, da rashin tunani. A ganina jumla mafi nauyi a zaman ita ce wadda Rafiq ya faɗa game da Joe Root, kyaftin ɗin Ingila na lokacin kuma ɗan Yorkshire, wanda ya ce bai tuna ya taɓa ganin wariya a ƙungiyar ba. Rafiq ya ce Root mutumin kirki ne kuma bai taɓa furta irin waɗannan kalamai ba, amma yana wurin a wasu dararen da aka kira shi da kalmar, kuma rashin tunawarsa shi ke nuna yadda abin ya zama ruwan dare. Da wannan ya bayyana yadda irin wannan magana ke rayuwa: masu furta ta kaɗan ne, masu ji su yi shiru su ne mafi yawa, kuma saboda ba su aka soka ba, ba ta bar musu tabon da za su tuna ba.

Wannan matsala ta tunawa ita ce ta yanke shari'ar Michael Vaughan, tsohon kyaftin ɗin da ya jagoranci Ingila ta doke Ostareliya a 2005. Rafiq ya zarge shi da cewa a 2009, kafin wani wasa da Nottinghamshire, ya ce wa 'yan wasa huɗu 'yan asalin Asiya irinsu sun yi yawa, ya kamata a yi wani abu a kai. Cikin sauran ukun, Adil Rashid da Rana Naved-ul-Hasan sun ce sun ji, Ajmal Shahzad ya ce bai ji ba, shi kuma Vaughan ya musanta tun daga farko. A ranar 31 ga Maris, 2023, kwamitin ladabtarwa na kurket ya wanke shi, yana mai cewa akwai saɓani a yadda shaidu suka kawo lafazin, don haka ba a tabbatar da zargin ba. Dole a mutunta wannan hukunci, domin ba a kama mutum da jumlar da aka kasa tabbatarwa bayan shekara goma sha huɗu. Kwamitin da kansa ya ƙara da cewa wanke Vaughan bai rushe sauran abin da Rafiq ya faɗa ba. Ya samu Hoggard, da Tim Bresnan, da John Blain, da Andrew Gale, da Richard Pyrah, duk tsofaffin 'yan wasan Yorkshire, da laifin amfani da kalaman wariya, bayan dukansu sun janye daga zaman suna cewa ba za a yi musu adalci ba. Ballance ya amsa laifinsa, kuma tun a watan Agustan 2022 ya sadu da Rafiq ido da ido ya ba shi haƙuri, Rafiq ya karɓa.

Shi ma Rafiq bai fita ba tabo ba. Kwana biyu bayan zaman majalisa, jaridar The Times ta wallafa saƙonnin Facebook da ya rubuta a 2011, yana ɗan shekara 19, inda ya yi ba'a da Yahudawa yana danganta su da rowa. Abokan hamayyarsa suka yi ta murna, suna ganin zance ya ƙare. Sai dai abin da ya yi ya bambanta da abin da ƙungiyarsa ta yi: a ranar ya amsa cewa shi ya rubuta, bai ce wasa yake yi ba, ya nemi gafarar Yahudawa, ya gana da shugabanninsu da waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi, kuma a 2022 ya karɓi tsawatarwar kwamitin ladabtarwa. Saƙonnin munana ne, kuma sun nuna cewa wanda aka raina shi ma yana iya raina wani. Amma laifinsa a kan wasu bai mayar da abin da aka yi masa raha ba.

Gyaran da sabon shugabanci ya yi shi ma ya zo da nasa kuskure. A ranar 3 ga Disamba, 2021, aka sallami ma'aikata 16 a lokaci guda, ciki har da daraktan kurket Martyn Moxon da koci Gale, da wasu da suka sa hannu a wasiƙar da ta zargi Rafiq da neman rusa ƙungiyar. Ba a bi matakan ladabtarwa yadda doka ta tanada ba, kuma daga baya ƙungiyar ta amince cewa korar wasu daga cikinsu ba ta bi ƙa'ida ba, ta biya su diyya. Wannan gaggawa ta ba masu musun wariyar labarin da suke nema, suka mayar da kansu waɗanda aka zalunta, aka bar maganar abin da ya faru a ɗakin sauya kaya aka koma maganar wanda ya rasa aikinsa. A watan Yulin 2023 aka ci Yorkshire tarar fam 400,000, aka jingine 300,000 daga ciki, aka kuma zaftare mata maki 48 a gasar gundumomi, bayan ta amsa tuhume-tuhume huɗu, ciki har da gazawa wajen hana kalaman wariya tsakanin 2004 da 2021 da kuma goge wasu bayanai. Ballance an ci shi tarar fam 3,000 da dakatarwar wasa shida, a lokacin da ya riga ya yi ritaya.

Ga masu cewa ƙorafin mutum ɗaya ne mai jin haushin an sallame shi, amsa ta zo a ranar 27 ga Yuni, 2023, daga hukuma mai zaman kanta da Cindy Butts ta jagoranta, wadda ta ji daga mutum sama da 4,000 masu alaƙa da kurket a Ingila da Wales. Rabin waɗanda suka amsa sun ce an nuna musu wariya cikin shekara biyar da suka gabata. A tsakanin 'yan asalin Pakistan da Bangladesh adadin ya kai kashi 87 cikin ɗari, 'yan asalin Indiya kashi 82, baƙar fata kashi 75. Hukumar ta ce wariyar launin fata da ta jinsi da ta matsayi sun yi katutu a wasan, ta ba da shawarwari 44, kuma shugaban ECB, Richard Thompson, ya nemi gafara ba tare da wani sharaɗi ba.

Shi kuwa wanda ya fara magana, ya biya farashin da babu ɗaya daga cikin waɗanda aka samu da laifi da ya biya. A watan Disamban 2022 ya sake bayyana gaban 'yan majalisa, ya ce barazana da zagi sun kai ga wani mutum ya shiga harabar gidan iyayensa ya yi bayan gida, kuma ya kwashe iyalinsa ya bar Birtaniya. A watan Yunin 2023 Colin Graves, wanda ya shugabanci Yorkshire daga 2012 zuwa 2015, wato har da wasu daga cikin shekarun da Rafiq ke ƙungiyar, sannan ya shugabanci ECB har zuwa 2020, ya shaida wa tashar Sky Sports cewa shi bai taɓa ganin wariya a can ba, kuma mai yiwuwa yawancin abin da aka faɗa raha ce. ECB ta fito ta ce ba ta ji daɗin maganar ba. A farkon 2024, lokacin da bashi ya kusa durƙusar da ƙungiyar, wanda kaso mai yawa nasa na asusun iyalin Graves ne, ya nemi gafara a kan furucin nasa da kuma abin da aka yi wa waɗanda aka nuna wa wariya, kuma a watan Fabrairu mambobin Yorkshire suka kaɗa ƙuri'ar da ta share masa hanyar komawa kujerar shugabanci.